Abin da na gano a duwatsun Shamoni

Cikin watan Afrilu Allah ya nufe ni da zuwa Faransa wajen wani horo. Ran hutu aka kai mu Shamoni, wani gari cikin kwari, a gindin dutsen Mon Bulan mai tsawon fiye da metir 4800. A nan gida Afrilu zafi ne. Can kuwa lokacin ne sanyi ke janyewa, amma duwatsu na nan fari fat da dusar ƙanƙara.

Mai yi mana jagora ya tashe mu tun kafin asuba. Da muka hau, ya haƙa rami da shebur ya ce in duba. Ashe ƙanƙarar hawa-hawa take, kamar ginin katanga: kowace zuba da nata hawa. Wani hawa da tauri, wani kuwa na marmashewa a hannu kamar sukari.

Ya ce sanyin dare ne ke daskarar da saman, ya riƙe komi. In rana ta yi ƙarfi sai ta narkar da shi, ruwa ya tsiyaya ƙasa ya kwance hawan da ke ciki, gangare duka ya zabtaro. Wanda ke kallon gabas shi ke fara sakewa. In dare ya yi hadari da ɗumi, ƙanƙara ba ta daskare ba, ranar ba a fita.

Wajen ƙarfe 11 ƙafata ta fara nutsewa har ƙwauri. Nan take ya ce mu juya. Na yi gunaguni, don saura kaɗan mu kai inda muka nufa. Bai ko saurare ni ba. Bayan azahar, muna ƙasa, sai muka ji ruri kamar tsawa. Gangaren da muka ratsa da safe ne ya taho, da duwatsu da laka. Bakina ya mutu.

Mutanen wurin ba su wasa da wannan abu. A watan Afrilun 1970, laka da ƙanƙara sun rufta ma wani gidan jinya a Filato Dasi, kusa da nan, mutum 71 suka rasu, 56 yara ne. A Fabrairun 1999 wata ta kashe mutum 12 a ƙauyen Monrok. Yanzu kowace rana ma'aikatar yanayi na sanar da girman haɗarin, daga lamba 1 zuwa 5. Mai hawa kuma na ɗauke da shebur, da doguwar sanda ta lalube, da ƴar na'ura mai nuna inda aka binnu, don wanda ba a tono ba cikin minti 15, ransa na hannun Allah.

Da za mu rabu na nemi gafarar jagoran. Ya yi dariya ya ce dutsen na nan, gobe ma sai mu dawo da asuba.