Na Ga Giwayen Yankari

Daga Tungan Maje zuwa Yankari tafiyar yini guda ce cur. Ta Keffi da Akwanga muka bi, muka haura Jos, muka gangara Bauchi, sannan daga Dindima muka karkata zuwa ƙofar Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri. Tun 1956 aka killace wannan daji mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,200, aka buɗe shi ga baƙi a 1962.

Ganin giwa sai an dace. Da sassafe mai gadin dajin ya sa aka tsayar da mota, ya nuna mana sawu a ƙasa, faɗinsa kamar faifai, ga kashi ɗanye cike da ciyayi, ga rassa a karye. Ya ce ba su yi nisa ba, kowa ya yi shiru. Ilai kuwa, a bakin kogin Gaji muka tarar da garken. Ashe ba toro ke jan ragama ba, tsohuwar giwa ce a gaba, in ta tsaya kowa ya tsaya. Wani ɗan ƙarami ya maƙale tsakanin ƙafafun uwarsa, ita kuwa tana zuƙar ruwa da hanci tana watsa wa bayanta, kunnuwa na ta fifita. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci!

Masu farautar haure sun yi wa wannan garke mummunar ɓarna, har ya rage tsakanin 100 zuwa 150, kuma duk da haka yana cikin mafi girma da suka saura a Najeriya. Giwa kuwa wata 22 take ɗauke da ciki, don haka giɓin da harsashi ɗaya ya bari sai an shekara da shekaru kafin a cike shi.

Abin da ya fi burge ni mutanen wurin ne. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta haɗa hannu da gwamnatin Bauchi, ma'aikata na kwana a dawa suna sintiri, an rataya wa wasu giwayen na'urar da ke nuna inda suke. A ƙauyukan kewaye akwai waɗanda ke buga waya da zarar garke ya doshi gonaki. Manomin da giwa ta tattake masa dawa amma ya kira ma'aikata maimakon ya ɗauko bindiga, wallahi ya cancanci jinjina, ya kuma cancanci diyya.

Mai niyyar zuwa ya bari sai rani, lokacin da namun daji ke taruwa a bakin Gaji, ya kuma tafi da yaransa.