Na sayi tsawa, na rasa gita: abin da lasifikar mota ta koya mini

Bara, a tsakiyar zafin watan Afrilu, na yi wata wauta da ta ci mini jika tamanin, ta kusa ƙona mini mota, kuma ta taɓa abin da nake ci da shi, wato kunnena. Na ga ya dace in ba ku labarin, don samari da yawa nan Maraɗi na bisa hanyar da na bi.

Ni dai tun ina lise nake son kiɗan rok. Wani abokina ne ya ara mini faifan Dire Straits, daga nan na kai ga Jimi Hendrix. Daga baya na gane ashe muna da namu a gida. Ga Bombino na Agadez, wanda Dan Auerbach ya shirya wa kundin Nomad a 2013. Ga Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, bahagon makaɗin da waƙoƙinsa suka fara yawo cikin katin salula kafin duniya ta san shi. Da Allah ya hore mini ƴar tsohuwar Corolla, burina guda ne: in hau gudron, in sa gita, in ji ta kamar ina gaban makaɗin.

Sai na nufi wani shago. Mai shagon ya nuna mini wani ƙaton akwatin wufa, an rubuta 2000 W a jikin kwalin da manyan haruffa.

“Yallaɓai, wanga in ka sa shi, tun daga bakin titi za a san ka iso.”

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Yaronsa ya ɗaura akwatin da ampli cikin kofur a ƙasa da awa guda, na biya, na tafi ina jin kaina.

Ranar Asabar na kama hanyar Ƙonni, na sa Afrique Victime, kundin da Mdou Moctar ya fitar a 2021. Mota ta ɗauki rawa, madubi na kakkarwa, ƙirjina na amsawa. Amma gitar fa? Tana can nesa, kamar mai kiɗa cikin rijiya. Na ƙara murya don in jawo ta, sai lasifikun ƙofa suka fara ƙarar yagewa. Na wuce Gidan Runji kaɗan sai na ji warin roba. Na tsaya, na ɗaga shimfiɗar ƙasa, na tarar da wayar da aka jawo daga batir ta narke. Babu fizibil ko ɗaya a kanta. Da sauri na cire kan batir, hannuna na rawa. Allah ne kaɗai ya kiyaye.

Litinin da safe na shiga studiyo, na sa abin sauraro, sai na ji wani siririn fito cikin kunnena na hagu. Mai gabatar da shiri in kunnensa ya tafi, aikinsa ya tafi. Dattijon teknisiyan ɗinmu, wanda duk muke kira Baba, ya lura ina ta juya kai. Na ba shi labari. Ya yi dariya har da tafi, sannan ya ce:

“Ɗana, kai da ke zaune gaban na'urar sauti kullum, ka je ka sayi ganga alhali algaita kake nema?”

Ya jawo takarda ya yi mini bayani. Ana auna sauti da yawan girgizarsa a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz. Kunnen mutum na ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Tsirkiya mafi kauri a gita tana bada 82, ta gitar bas tana bada 41. Wufa kuwa aikinta daga wajen 80 ne zuwa ƙasa. Ke nan kusan duk abin da nake so a rok, kukan gita, muryar mawaƙi, bugun ƙaramar ganga, daga lasifikun gaba yake fitowa. Na zuba kuɗina a bayan mota, na bar tsoffin lasifikun ƙofa da takardarsu ta riga ta bushe.

Ga abin da muka yi da Baba, mataki mataki, ko wani zai amfana.

Na farko, lasifikun gaba, abin da muke kira bafle. Nan ya kamata mafi yawan kuɗi ya tafi. Na sayi masu santimita 16.5, irin waɗanda ke zuwa da ƴar ƙaramar twita a ware. Babbar tana cikin ƙofa, twita kuma a sama kusa da gilas, don siririn sauti ba ya son kewaya, kai tsaye yake neman kunne. Ka duba bakin lasifikar: mai kewayen roba ta fi mai soso jure zafinmu, ka san yadda cikin mota ke zama in ta wuni a rana.

Na biyu, kada lambar kwali ta ruɗe ka. Wannan 2000 W ƙarfin ƙiftawar ido ne, in ma gaskiya ne. Nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da abu ke iya ɗauka yana aiki. Rediyon motar da aka rubuta wa 50 W sau 4, abin da yake badawa a gaskiya bai cika wuce 15 zuwa 20 ga kowace lasifika ba. In ka matsa masa fiye da ƙarfinsa sautin ya lalace, kuma wannan lalataccen sautin na iya ƙona twita. Sunaye irin su Pioneer, JBL, Kenwood da Alpine sanannu ne, shi ya sa masu jabu ke bin su. Ɗaga kayan ka ji nauyin maganaɗisun, ka duba rubutun da kyau.

Na uku, wufa. Tana da amfani a rok, don ita ke ba babbar ganga da bas nauyi. Sai dai akwati iri biyu ne. Mai rami ya fi ƙara da gunji, ya dace da kiɗan da bas ke jan dogon numfashi. Rufaffe kuwa yana bugawa ya tsaya nan take, shi ke bin saurin gangar rok. Na sayar da ƙaton nawa da asara, na ɗauki mai santimita 25 cikin rufaffen akwati. Muka saita ampli ya yanke a 80, muka rage shi har sai da na daina jin cewa daga baya yake fitowa. Baba ya ce wufa kamar gishiri take, in ka ji ta ita kaɗai to ta yi yawa.

Na huɗu, wanda ya shafi rai: waya. Ta zama mai kauri, ta jan ƙarfe, da fizibil dab da batir. Ka tsaya a yi aikin a gabanka. Ka kuma tabbata ba a juya ƙari da ragi na lasifika guda ba, don in aka juya, bas ɗin ɓangarorin biyu kashe juna suke.

Na ƙarshe, je shago da waƙar da ka sani kamar tafin hannunka, mai kyawun ɗauka. Wadda aka yi ta turawa a WhatsApp har ta gaji, babu lasifikar da za ta gyara ta.

Fiton kunnena ya ɗauki kwana uku kafin ya lafa, kuma kwanakin nan uku ban yi barcin kirki ba. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum ya daɗe cikinta awanni, tana lahanta ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Abin mamaki, tun da sautin ya fita tas, ban ƙara buƙatar ƙure murya ba. Maƙwabcina ma, wani dattijo da ya daina amsa gaisuwata da sakin fuska, yanzu har zama muke mu sha shayi.

Makon jiya na sake bin hanyar Ƙonni, na sa waƙar nan dai. Daidai wurin da na tsaya bara, gitar ta tashi a gabana, tsirkiya bayan tsirkiya, har ina jin motsin yatsun makaɗin. Na yi hamdala na ci gaba da tafiya.

Ƙannena masu sabbin motoci, kafin ku biya, ku tambayi kanku: ku ne za ku ji kiɗan, ko mutanen titi? Allah ya tsare mu bisa hanya, ya bar mu da jinmu.