Ƙiba daban, kumburi daban

A nan Talaje, idan mace ta haihu, kwana bakwai na farko na jinjiri ne. Kowa shi yake leƙawa. Amma daga ranar suna zuwa arba'in, ido yana komawa kan uwar. Masu zuwa barka suna duban fuskarta, da wuyanta, da damtsenta. Idan ta yi jiki sai a ce: "Kai, jego ya karɓe ki!" Idan ta rame sai a yi shiru, a fita waje a yi magana. A ce iyayenta ba su kula da ita ba. Ko a ce mijinta marowaci ne, ko ƙauri bai saya mata ba.

Na daɗe ina koyar da manya karatu da rubutu a wannan unguwa. Yawancin ɗalibaina mata ne, kuma kusan kowace da goyo a baya. Ni ma uwa ce, na yi jego sau biyar. To, maganar jikin maijego ba baƙuwa ba ce a gare ni. Ina jin ta a aji, ina jin ta a wurin biki, ina jin ta har cikin faba-faba.

Tun da can, ƙiba ita ce ado a wurinmu. Maƙwabtanmu Zabarmawa ma suna da al'adarsu ta ƙara wa mace jiki, wadda suke kira hangandi. Kakanninmu ba wauta suka yi ba. A ƙasar da ake fari da yunwa, mace mai jiki alama ce ta gidan da ke da hatsi. Amma yanzu wata iska ta shigo. Ƴan matanmu suna kallon hotuna cikin waya. Suna ganin mace ta haihu yau, bayan sati biyu cikinta ya lafe kamar ba ta taɓa ɗaukar ciki ba. Sai maijego ta rasa na yi. Uwar miji tana cewa: "Ci, ƴata, ki yi ƙiba." Ƙawa tana cewa: "Ke, wannan tumbin fa?" Ba wanda ya tambaye ta yadda take ji a jikinta.

Bari mu fara da lissafi, tunda mun koyi ƙirga. Mace mai lafiya takan ƙara kilo 10 zuwa 12 a lokacin ciki. Ranar haihuwa wajen kilo 5 ko 6 suna tafiya, wato jinjiri da mabiyiya da ruwa. Sauran ba ya tafiya rana ɗaya. Akwai ruwa da jiki zai fitar a hankali ta fitsari da zufa. Akwai kitse da jiki ya ajiye don nono. Mahaifa kanta, ranar haihuwa nauyinta ya kai kilo 1. Sai ta yi sati 6 kafin ta koma ƙarama. Kun ga sati 6 kwana 42 ke nan. Ashe arba'in ɗin iyayenmu bai yi nisa da lissafin likita ba. Don haka cikin da kike gani bayan haihuwa ba abin kunya ba ne. Wata tara ya yi yana buɗewa.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: ba kowane cikar jiki ba ne ƙiba.

Shekarun baya ina da wata ɗaliba, yarinya mai ƙoƙari, haihuwarta ta uku. Na je ganinta ana saura ƴan kwanaki ta yi arba'in. Ɗakin cike da mata, ana ta yaba ta. Fuska ta cika, ƙafa ta cika, takalmi ba ya shiga. Innarta tana murna, ta ce mini: "Malama, kin ga ƴarki? Wankan bana ya yi kyau." Na zauna kusa da ita. Sai na lura ba ta iya gama magana sai ta tsaya ta ja numfashi. Na ce: "Kina barci kuwa?" Ta ce: "Malama, in na kwanta numfashi yana tsaya mini. A zaune nake kwana, na jingina da bango. Ga tari da dare." Na danna ƙwaurinta da babban yatsa. Wurin ya lotsa, ya daɗe bai taso ba.

Na ja innar gefe na ce: "Inna, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. A kai ta likita yau." Ba ta ji daɗi ba. Ta ce maijego ba ta fita kafin arba'in. Allah ya sa mijin ya shigo, ya ji, ya nemo taksi. Aka kwantar da ita. Likita ya ce zuciyarta ce ta yi rauni. Ta sha magani wata da watanni. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma aka gargaɗe ta kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyar.

Wannan ciwo sananne ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi bincike a kansa a Zariya, cikin Najeriya. Sun ga mata da yawa suna zuwa asibiti da raunin zuciya bayan haihuwa. Suka duba al'adar jego: wanka da ruwa mai zafi ƙwarai safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa kullum. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce. Idan ta yi yawa tana riƙe ruwa a jiki, tana hawar da jini. Zafi kuma yana sa zuciya ta ƙara aiki. Zuciyar da ta riga ta gaji da ɗawainiyar ciki, sai a ƙara mata kaya.

A nan Yamai ma an yi bincike. Wani likita mai suna Cénac da abokan aikinsa sun duba matan da suka kamu, suka fitar da sakamako a 1992. Sun tarar jininsu yana da ƙarancin wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, mai suna seleniyam. Kuma ana samun ciwon a wasu ƙasashe, ga matan da ba su taɓa jin sunan kunun kanwa ba. Ke nan ba kanwa kaɗai ke kawo shi ba. Amma wanda ya san bangonsa ya tsage ba ya jingina masa buhu.

Ni ban ce a bar wankan jego ba. Ruwan ɗumi yana sassauta jiki, yana kawo barci. Zuwa gida wanka kuma yana ba mace hutu, a dafa mata, a riƙe mata jinjiri. Wannan abin alheri ne. Abin da nake cewa shi ne a sirka ruwan. In hannun mai yi miki wanka ba ya iya zama a ciki, to jikinki ma bai kamata ba. Balle a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce 40. Kunu kuwa a sha, amma a rage kanwa sosai. Wadda aka taɓa ce mata tana da hawan jini, ta bar kanwa gaba ɗaya.

Kumburin ƙafa kaɗan a satin farko yakan faru, kuma yana sauka da kansa. Wanda ke ƙaruwa, ya haɗu da haki, da tarin dare, da bugun zuciya, shi ne abin tsoro. Haka kuma ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu, ko zubar jini mai yawa, ko zazzaɓi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Waɗannan ba a jiran arba'in. Ba a jiran gari ya waye.

Akwai kuma ƙibar da ake saya da kuɗi. Kun san masu yawo da magani a ka, suna bi gida-gida. Idan maijego ta ga arba'in ta matso kuma ba ta yi jiki ba, sai ta sayi ƙwayar ƙiba. Da yawa cikin ƙwayoyin nan dekisametazon ne. Magani ne na gaske, amma na wasu cututtuka, kuma likita ne ke ba da shi da awo. In an sha shi barkatai, fuska ta yi zagaye, wuya ya cika, mutane su yaba. A ciki kuwa yana hawar da jini, yana iya tayar da ciwon sukari, yana raunana ƙashi, yana sa jiki ya kasa yaƙi da cuta. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ta je ta gaya wa likita gaskiya, ya nuna mata yadda za ta rage. Shayin rage tumbi na ƴan zamani shi ma ban yarda da shi ba. Da yawansu zawo kawai suke sa mutum, ga ki kina shayarwa.

Mai shayarwa tana bukatar abinci fiye da da. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jinjiri nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙara masa. Ke ce rijiyarsa. Ba lokacin ƙin cin abinci ba ne, ba kuma lokacin ɗura ba ne. Ki ci tuwo da fura, amma kada su zama su kaɗai. Wake, zogale, gyaɗa, ƙwai, kifi, ɗan hanta in an samu. Waɗannan ke mayar da jinin da ya zuba. Ki sha ruwa duk lokacin da kika ba da nono.

Sai maganar motsa jiki. Idan na faɗi wannan kalma a aji sai mata su yi dariya. Wata ta ce: "Malama, mu da muke daka, muke wanki, muke ɗebo ruwa, wane motsa jiki kuma?" Tana da gaskiya rabi. Matan Talaje ba ragwaye ba ne. Sai dai aikin da muke yi da abin da jikin maijego ke so ba ɗaya ba ne. Bido mai lita 25, in ya cika, kilo 25 ke nan. Naman da ke riƙe mahaifa da mara ya miƙe wajen haihuwa, bai warke ba tukuna. Ki ɗora masa kilo 25 sau uku a rana, ga goyo. Irin haka ne ke taimaka wa fitsari ya riƙa zubo wa mace in ta yi tari, ko mahaifa ta sauko bayan shekaru. Mata da yawa suna fama da wannan a ɓoye.

A ɗaya ɓangaren kuma, kwanciya wuni guda a kan gado ba magani ba ce. Jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Abin da ya dace yana tsakani. Wadda ta haihu lafiya, tun kwanakin farko ta tashi ta taka cikin tsakar gida. Minti 5 da safe, minti 5 da yamma in rana ta yi sanyi. Kowane sati ta ƙara kaɗan. Ba sai kin fita titi ba, ba wanda zai ce kin karya al'ada. In jiki ya yi ƙarfi, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ba da shawarar minti 150 a sati. Ku raba da 5, minti 30 ke nan, kwana biyar. Tafiya ce da ɗan sauri, irin wadda za ki iya magana amma ba ki iya waƙa.

Akwai wani motsi da ba wanda zai san kina yi. Ki matse naman ƙasanki kamar mai riƙe fitsari. Ki ƙirga 1 zuwa 5. Ki saki, ki huta, ki sake. Sau 10, lokaci uku a rana. Kina iya yi a kwance, ko kina ba da nono. Kada ki riƙe numfashi, kuma ba a lokacin fitsari ake yi ba. Wata tsohuwa a ajina ta ce da an gaya mata wannan tun haihuwar fari, da ba ta yi shekaru tana tsoron dariya cikin mutane ba.

Ɗaure ciki da zane fa? Yana sa wasu su ji daɗin tsayuwa. Ba laifi in ba a matse ba. Amma ba ya narkar da kitse, kuma ba shi ke mayar da naman ciki ba. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jinjiri, ita nata daban ne. Ta riƙa takawa a hankali, amma kada ta ɗauki abin da ya fi jinjirinta nauyi sai likita ya ce.

Maza da ke karanta wannan, ku ma da ku nake. Ragon suna da turmin zane suna da kyau. Amma kuɗin mai garuwa na kwana arba'in ya fi wa matarka amfani fiye da zane na biyu. Kuma ka kula da bakinka. Kalma ɗaya taka a kan cikinta ko ramarta, ita ce ke tura ta wurin mai ƙwaya. In ka ga tana yawan kuka, ba ta ci, ba ta barci, ba ta son ɗaukar jinjiri, wannan ma ciwo ne, kuma ana maganinsa.

Mu mata mun iya kai yara awo da allura. Kanmu ne muke mantawa. Bayan duban ranar haihuwa, ana so a sake duba uwa sau uku: kwana na 3, tsakanin kwana 7 da 14, da sati na 6. A auna jininki, a auna nauyinki, a duba ɗinki in akwai, a yi maganar tazarar haihuwa. Ki roƙi ungozomar likita ta rubuta miki lambobin cikin karne. Yanzu kin iya karatu, ke ma sai ki duba da idonki.

Ranar Litinin mai zuwa, duk mai goyo ta zo aji da karnenta da na jinjirinta. Za mu koyi karanta kilo da kwanan wata a cikinsu.