Ashe Lalle Ma Lissafi Ne

  

A wannan fitowar na ɗan ajiye zancen soyayya a gefe, kada ku ce na yi muku rowa. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ta shafe ku kai tsaye, domin da yawanku kuna da ƙanne a firamare, wasu kuna shirin shiga kwalejin horon malamai, wasu kuma gobe-gobe ku ne iyayen yaran. Maganar ita ce yadda ake tuɓe wa yaro waƙa da zane da tatsuniya da wasa a bakin ƙofar aji, kamar yadda ake tuɓe takalmi, sannan a ce ya shiga ya yi karatu.

Duk wadda ta yi firamaren gwamnati ta san abin da ake kira aikin hannu. Ƙarshen zango ya zo, sai a ce kowa ya kawo tsintsiya ko mafici. Ki koma gida ki yi ta kuka har Inna ta kwance bakin zani ta ba ki kuɗi, ki je kasuwa ki sayo, a ba ki maki. Hannunki bai taɓa kaba ba, amma wai kin ci aikin hannu! Darasin zane kuwa, in ma akwai shi a jadawali, sai a tura shi can ƙarshen rana lokacin da yunwa ta gama cin kowa. Ni fa ba roƙon a ƙara wa wannan darasin lokaci nake yi ba. Cewa nake a ɗauki zanen da waƙar a shigar da su cikin lissafi da kimiyya da tarihi da karatun Hausa, su zama hanyar da ake bi a kai yaro ga fahimta. Kuma na ga an yi, da idona.

Muna aji uku akwai wata maƙwabciyarmu, tare muke tafiya makaranta. Da yamma tallar gyaɗa take yi. Yarinyar nan, wallahi, ko mutum biyar suka taru a kanta, wannan ya miƙo hamsin, wancan ya miƙo ɗari, ba ta taɓa kuskuren canji, har bashin da ke kan masu shagon layinmu tana riƙe da shi a ka. Amma da an rubuta 50 a cire 15 a kan allo sai ta yi tsuru-tsuru, idonta ya kawo ruwa. Daƙiƙiya ake kiranta a aji, ita ma har ta yarda haka take. Mahaifiyarta ta fara cewa to tunda kan ba ya ja, gara ta zauna ta riƙe tallar safe ma, a daina asarar kuɗin littafi. Kun san dai inda irin wannan maganar take ƙarewa.

A shekarar aka kawo mana wata malama, 'yar siririya, ba ta da yawan faɗa. Sati biyu da zuwanta ta ce kowa ya tsinto marafen kwalbar lemo ya zo da su. Muka tara kusan cikin kwano biyu. Ta rubuta wa wasu 5, wasu 10, wasu 20, ta ce yau kasuwa za mu ci. Aka jera benci, wannan mai tumatir, wancan mai gishiri, duwatsu da ganye su ne kaya. Doka ɗaya ta sa: duk cinikin da aka yi sai an je an rubuta shi a allo da lamba. Nan fa aka ga abin mamaki. Wadda ake kira daƙiƙiya ita ce ta koma alƙaliyar kasuwa, tana cewa "Kai, ka cuce ta, saura biyar!" Malama ta kira ta, ta miƙa mata alli ta ce, "Zo ki rubuta mana abin da kika faɗa yanzu." Hannunta na rawa ta rubuta, kuma daidai ne. Ashe lissafin yana nan a kanta tuntuni, alamomin allo ne ba a taɓa haɗa mata su da abin da ta sani ba. Ba a cire ta daga makaranta ba, tare muka gama sakandare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar lalle. Bayan hutun ƙaramar Salla muka dawo hannuwanmu duk sun sha ƙunshi. Malama ta ce kowace ta ɗora tafin hannunta a takarda ta zagaye shi da fensir, ta zana furen da take so a ciki. Mazan kuma ta ce su zana aikin hularsu. Da muka gama sai tambayoyi suka fara. Furenki ganye nawa gare shi? Biyar. Fure nawa kika yi? Huɗu. To ganye nawa ke nan duka? Muka ƙirga muka ce ashirin. Ta rubuta 4 sau 5 a allo ta ce, "Ga abin da kuka yi." Sannan ta sa muka ninke takarda biyu, muka yanka rabin fure, muka buɗe, sai ga cikakken fure, dama da hagu iri ɗaya sak. Ta ce mu dubi tafukan hannunmu, mu dubi dagin Arewa da ke jikin ƙofofi da riguna, mu nemo layin da ya raba su gida biyu daidai. Sai da na je sakandare na tarar abin nan babi ne guda a littafin lissafi, da dogon sunansa na Turanci. Ke 'yar'uwa mai zana wa amare lalle, kina auna tazara da ido, kina maimaita zane ba ya karkacewa, wa ya ce miki ba ki iya lissafi ba?

Tarihi ma haka ta yi mana. Maimakon mu kwafi labarin Bayajida daga allo, sai muka yi wasansa. Bokiti ya zama rijiyar Kusugu, igiyar guga ta zama macijiya, wata ta yafa mayafin Malama ta zama Daurama. Yara bakwai suka tsaya a jere kowa da sunan garinsa a takarda: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Har yau in na tashi lissafa Hausa Bakwai fuskokin yaran nan nake gani. Masu rubuto mini wasiƙa suna tambayar yadda aka yi na fara rubutun littafi, to ga amsarku. Malama ce ta ce in tsara abin da Daurama za ta faɗa, na kwana ina juya maganar a raina, tun daga ranar ban daina sa wa mutane magana a baki ba.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: karatu muka tura su ko wasa? Wasu kuma za su kawo batun addini. To ai koyarwa da waƙa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ba kuma Bature ya kawo shi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilimantar da matan karkara. Tana tsara darasi a baitoci da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta koya wa jajis, wato shugabannin mata da take naɗa wa malfa, su kuma su koma garuruwansu su koya wa 'yan'uwansu. Su ne ake kira 'Yan Taru. Ta san mace mai daka da raino ba ta da lokacin zama da takarda, amma baiti yana bin ta har bakin murhu. Mu ma a Islamiyya ai da rerawa muka haddace abubuwa da yawa, ba ganga ba kalangu. Zane kuwa, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zana mai rai ba, ga fure, ga ganye, ga taswira, ga zanen tabarma da na bango, sun isa a koyar da shekara guda ba a maimaita ba.

Kimiyya ma tana nan a tsakar gidanmu. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Domin jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, in zai bushe kuma sai ya tafi da zafin da ke ciki. Da wannan sanin ne wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba, babu wutar lantarki. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex a kan haka. Yanzu ki ɗauka an ba 'yan aji biyar yumɓu sun gina 'yan tukwanensu, sun sa tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a waje, suna dubawa kullum suna zana yadda kowanne ya koma. Wace jarrabawa ce za ta fitar musu da wannan daga ka? Haka in an kai su marinar Ƙofar Mata a Kano, su ga yadda ake tsamo zane daga ramin baba da ɗan kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gabansu. Kuma a ciro musu takardar Naira 20 a juya bayanta, a nuna musu Ladi Kwali tana ginin tukunya, a gaya musu mace ce da ba ta yi boko ba, amma aikin hannunta ya kai ta Ingila da Amurka.

Sai dai fa kada a ɗauka duk abin da aka rera ya zama ilimi. Akwai ajin da za ki wuce ki ji yara suna rera jadawalin sau da ƙarfi har rufin kwano na amsawa, gwanin daɗi. Tsayar da ɗaya ki ce bakwai sau takwas nawa ne, sai ya koma tun daga bakwai sau ɗaya yana gyaɗa kai, in kika katse shi ya ɓace. Wannan haddar aku ce aka sa mata kari. Bambancin malamarmu shi ne ba ta taɓa barin wasa ya ƙare a wasa ba. In an tashi kasuwa sai an rubuta ciniki, in an gama zane sai an ƙirga, in an yi wasan Bayajida sai kowa ya rubuta jimla uku a kan abin da ya gani. A nan aikin yake, kuma ya fi kwafe allo wahala nesa ba kusa ba.

Ban manta da halin da malamai suke ciki ba. Aji ya cika ya batse, wasu yaran a ƙasa, albashi ba ya kai wata, wani lokacin allin ma sai malama ta saya da kuɗinta. Ba zan zauna a ɗaki ina rubutu in ce sun gaza ba, Allah Ya saka musu. Amma ku duba kayan da na lissafa: marafen kwalba, tsohuwar takarda, yumɓu, bokiti, igiya. Babu na sayarwa a ciki. Abin da ya fi ƙaranci shi ne shugaban makarantar da zai leƙo ya ga yara a tsaye suna ciniki, bai daka tsawa ya ce a koma a zauna ba.

Ku kuma da kuke gida da ƙanne, ba sai kun jira takardar shaidar malanta ba. In ƙanwarki tana carafke, zauna kusa da ita, in ta kwashe uku cikin goma ki tambaye ta saura nawa a ƙasa, sannan ki ce ta rubuta shi da tsinke a kan rairayi. In kin yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, tsaya a tsakiya ki ce kowa ya faɗi yadda yake so ta ƙare, gobe wanda ya iya rubutu ya rubuto nasa. In suna gaɗa, ku sa sunayen watanni ko na jihohi a cikin karin da suka saba. Wadda aka ce mata daƙiƙiya a makaranta kuwa, ki lura da abin da hannunta ya iya, kitso ne, saƙa ce, ko canjin talla, ki fara mata daga nan.

Ina jiran wasiƙunku, musamman ku ɗaliban kwalejin horon malamai da kuka fita koyarwar gwaji. Wadda ta jarraba wani abu makamancin wannan a ajinta ta rubuto mini yadda ta kaya, ko ya yi ko bai yi ba, zan kawo wasu a wannan shafi in Allah Ya yarda. A gaida su Inna da yara.

Taku har kullum.