Jirgin Kara a Ƙasar Ɗambatta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili.

Da hutun damina na ɗebi iyalina muka tafi ƙauyenmu a ƙasar Ɗambatta, don yara su ga hanyar jirgin da aka soma a 2021, wadda za ta bi ta Kazaure, da Daura, da Katsina, har Maraɗi. Gero ya fid da kai, gona manne da gona, ba wurin sa ƙafa sai kan iyaka. Da yara suka ga jirgi bai zo ba tukuna, sai suka zare kara daga danga, suka ƙera nasu mai tarago uku, auta yana yi masa kuka da baki.

Wani dattijo da ke kallonsu ya ce mini hanyar ta raba gonar gadonsa biyu. Shi bai ƙi jirgi ba, ya san wanda ya iso Kano a 1911 shi ya yi wa gyaɗa kasuwa. Tambayarsa guda ce: ta ina jakinsa zai ƙetare da taki? Na rasa ta cewa. In akwai mai karatu da ya sani, don Allah ya ba mu labari.

Wasalam.

Malamin makaranta, Ɗambatta.