Kwantai Ma Kala-Kala Ne

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma a kan fim zan yi magana, duk da na san alƙalami ne ya tara mu.

Ni mayyar fina-finan soyayya masu barkwanci ce, irin waɗanda tun kafin a fara mutum ya san da aure za a ƙare, ko alkawarinsa. Yayata kan ce ɓarnar data ce kawai, wai in ka ga ɗaya ka ga duka. A kan mazan ciki na yarda da ita, kusan duk kanwar ja ce: kyakkyawa mai taurin kai, daga baya ya sauko. Matan ne kowacce da irin nata.

Ku dubi mata uku da a wurinmu za a ce sun yi kwantai. Bridget ta fim ɗin Bridget Jones's Diary na 2001 shekararta 32, tana aiki a kamfanin buga littattafai a Landan, ita kaɗai a gidanta. Damuwarta ƙiba, taba, da ma'auratan da ke tsare ta da tambaya a wurin cin abinci. Amma da ta koma gida ta rufe ƙofa, magana ta ƙare. Toula ta My Big Fat Greek Wedding na 2002 ba ta da ƙofar rufewa. Shekararta 30, tana gaban iyayenta a Shikago, tana aiki a gidan abincin mahaifinta, shi kuma ya kafe sai Bagirke. Saurayinta Ian sai da aka yi masa baftisma a cocin Girkawa kafin hankalin tsohon ya fara kwanciya. Nia Vardalos, wadda ta fito a Toula, ita ta rubuta labarin daga rayuwar danginta, shi ya sa gwaggonnin ciki suke kama da namu, har da sa baki a abin da ba a tambaye su ba.

Isoken kuwa, ta fim ɗin Jadesola Osiberu na 2017, ita ta fi taɓa ni. Shekararta 34 a Legas, ga aiki ga rufin asiri, amma ƙannenta sun riga ta aure. Duk wadda ta taɓa riƙe wa ƙanwarta mayafi ranar kai amarya, 'yan biki na ce mata "saura ke", ta san murmushin da Isoken ke yi. Uwa ta samo mata Osaze, ɗan ƙabilarsu ta Edo mai abin hannu, zuciya kuma ta karkata ga Kevin, Bature mai ɗaukar hoto. In Bridget ta zaɓi wanda bai dace ba, kanta ta cuta. Isoken kuwa kowanne ta ɗauka, sai an ce ta ɗaga kan uwarta ko ta kunyata ta a dangi.

Akwai kuma Rani ta fim ɗin Indiya Queen, wadda ango ya fasa ana gab da biki, ta ɗauki jakarta ta yi tafiyar amarcin ita kaɗai zuwa Faris. Da ya dawo yana lallami, zobensa ta mayar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, littattafanmu na soyayya, musamman waɗanda ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp, sun ari ƙashin bayan waɗannan labarai: a haɗu, a yi faɗa, a shirya. Amma jarumar ɗaya ce kullum, fara sol, 'yar sha bakwai, gashi har gadon baya. Ina ma'aikaciyar jinya 'yar talatin da ɗaya da samari ke tambayar albashinta kafin sunan unguwarsu? Ina bazawara, wadda zawarcinta lissafi ne zalla, wa zai riƙe yaran, da wa za a zauna?

Kuma muna da abin da marubucin Landan ba shi da shi. A can in jarumi na da mata, shi ne mugun labarin. A nan yana iya zama mutumin kirki, ya yi sallama da rana tsaka, ya kawo lefe akwati shida. Ranar da amarya ke kuka na al'ada, akwai uwargida a ɗaya ɗakin, an ba ta kayan faɗar kishiya, tana raba wa baƙi goro da fara'ar dole. Biki ɗaya ne, amma in aka ba kowaccensu biro, littafi biyu za a samu, kuma ina zargin na uwargidan zai fi ban dariya, don mai takaici ba ta rasa baƙar magana.

Yanzu haka labarin wata bazawara nake rubutawa. Duk ranar da bazawarin ya zo zance, ɗanta ɗan shekara bakwai ke kai masa tabarma zaure, ya kuma nemi gefe ya zauna abinsa. Na kai babi na huɗu, har yau bawan Allahn nan bai samu ya faɗi abin da ya kawo shi ba.