Lasifika shida, biyu ke magana

A 2005 na yi aure, na kama hayar ciki da falo a Kano, na kuma ƙudurta sai na mayar da falon nan ƙaramin silima. Kwamfutata Pentium 4 ce ta hannu, mai Windows XP. Na jona ta da talabijin, hoto ya fito ba laifi. Sauti ne ya ƙi. Wanda ya zo a jikin babban allonta, AC'97, da ka motsa linzami sai lasifika ta kama kuka kamar sauro ya samu kunne.

Na kai ƙara wurin wani abokina mai gyaran kwamfuta. Ya zube mini katin sauti uku a kan tebur. Akwai mai araha na C-Media, akwai Sound Blaster Live! 5.1 na kamfanin Creative na Singafo, wanda asalin samfurinsa ya fito tun 1998, sai Audigy 2 na 2002, sabo fil a kwalinsa. Idona ya tafi kan na ukun, har na fara lissafin abin da zan bari a albashi.

"Malam, dakata," in ji shi. "Amfilifayarka wane irin rami gare ta a baya?"

Ban taɓa leƙawa ba. A nan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da har yau ban manta ba. Sautin fim na DVD, Dolby Digital, a dunƙule yake zuwa, dole wani ya warware shi kashi shida: hagu, dama, tsakiya, biyu na baya, da wufa mai rugugi. In amfilifaya ta iya warwarewa, waya ɗaya tak ake ja mata, S/PDIF, kuma a nan kati ɗan aike ne kawai, mai araha da mai tsada saƙo ɗaya za su kai. In ba ta iya ba, kwamfuta ce za ta warware, sautin ya fita ta wayoyi uku: koriya ta gaba, baƙa ta baya, ruwan lemo ta tsakiya da wufa. To a nan ingancin kati ke bayyana, domin shi ke mayar da lambobi su zama sauti.

Tawa ba ta iya ba. Na ɗauki Live!, na bar Audigy ina waiwaye. Abokin nawa ya soke shi a ramin PCI na can ƙasa, nesa da katin hoto, sauron nan ya mutu. Asabar guda na ɓata ina bin bango da ƙusa da waya, ina kafa lasifika shida.

Da dare amarya ta ɗauko fim ɗin Hausa muka saka. Biyu na gaba suka ɗauka, na baya shiru. Muka canza na Indiya, haka. Ta dube su, ta dube ni.

"Maigida, waɗancan na bayan ado ne?"

Ashe duk faifan da ke gidan VCD ne, shi kuwa VCD hagu da dama kaɗai ya sani. Abin da ba a zuba a faifai ba, kati ba zai haife shi ba. Akwai wata dabara a manhajar Creative, CMSS, mai raba sautin zuwa baya. Na kunna, sai waƙoƙin suka koma kamar a zauren da babu kaya. Na kashe.

Sai da na aro DVD na asali na Saving Private Ryan. Ranar da muka saka shi ƙanena ya kawo ziyara, yana tsakiyar cin tuwo, sojoji suka sauka bakin teku. Harsashi ya taso daga bayan kujera, ya sunkuya da loma a hannu yana salati. Dariyar da muka yi a daren nan ta biya ni kuɗin katin da na ƙusa.

Daga baya HDMI ta zo, hoto da sauti suka haɗu a waya guda, sababbin kwamfutoci ma suka daina zuwa da ramin PCI. Kwanan baya ɗana na fari ya tsinci katin a kwalin tarkace, ya hure ƙura, ya ce, "Baba, wannan na cikin rediyo ne?"